Teiichi Okano

Teiichi Okano (16 ga Fabrairu 1878 – 29 ga Disamba 1941) malamin kiɗa ne ɗan ƙasar Japan. An fi saninsa da tsara sautin waƙoƙin firamare waɗanda har yau Japanawa ke rerawa idan kewar rayuwar ƙauye ta dā ta kama su.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Tottori. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami. Ya karɓi addinin Kirista yana saurayi, kuma a coci ya fara koyon kiɗa. Ya kammala Makarantar Kiɗa ta Tokyo a 1900, daga baya ya koyar a can har ya yi ritaya a 1932.

Waƙoƙinsa

Ma'aikatar Ilimi ta saka shi cikin kwamitin shirya littattafan waƙa na firamare, inda ya haɗu da Tatsuyuki Takano, masanin adabi daga lardin Nagano. Takano ke rubuta baitoci, Okano ya ɗora musu sauti. Ayyukan da ake danganta musu sun haɗa da Momiji (1911), Haru no Ogawa (1912) da Furusato (1914).

Furusato ce ta fi shahara. Kalmar haɗin furu ce, wato tsoho, da sato, ƙauye, amma ma'anarta ta fi kusa da mahaifa. Waƙar ta mutumin da neman abinci ya kai birni ce, yana tuna iyayensa da abokan ƙuruciya da wasanni a dutse da rafi. Ta fito a lokacin da matasa ke barin gonaki suna tafiya masana'antu, shi ya sa ta shiga zukata. An rera ta a bikin rufe gasar Olamfik ta hunturu a Nagano a 1998.

Rafin da ake cewa shi aka waƙe a Haru no Ogawa, a unguwar Shibuya, tuni aka rufe shi ya koma magudanar ƙarƙashin ƙasa.

Ma'aikatar ba ta buga sunayen marubuta a littattafan ba, don haka yara suka yi shekaru suna rerawa ba su san mai su ba. Wasu masana na ganin aikin kwamiti ne, bai kamata a jingina wa mutum ɗaya ba.

Rasuwa

Ya yi kimanin shekara 40 yana kaɗa ogan a cocin Hongo da ke Tokyo. Ya rasu yana da shekara 63.