Tarihin Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa

An haifi Harvey Cushing ranar 8 ga watan Afrilun 1869 a birnin Cleveland na Amurka. Mahaifinsa da kakansa duk likitoci ne, shi ma ya kammala karatun likita a Jami'ar Harvard a 1895.

Yana ɗalibi wani majiyyaci ya rasu a hannunsa lokacin da yake shaƙa masa maganin sa barci. Wannan ya sa shi da abokin karatunsa Ernest Codman suka ɓullo da takardar rubuta bugun zuciya da numfashin duk wanda ake yi wa tiyata.

Tsakanin 1900 da 1901 ya yi bincike a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, inda ya riƙa ɗura ruwan gishiri cikin ƙoƙon kan karnuka domin ganin abin da matsi ke haifarwa.

Ƙoƙon kai ƙashi ne da ba ya buɗawa. Idan jini ya taru a ciki, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, hanyoyin jini sai su matse.

Cushing ya nuna cewa a wannan hali jini kan hau domin ya samu isa ƙwaƙwalwa, bugun zuciya kuma ya ragu. Idan matsin ya danne tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, sai numfashin ya rikice, yana zuwa yana tsayawa, daga bisani ya ɗauke baki ɗaya.

Waɗannan alamomi uku da sunansa ake kiran su har yanzu, kuma bayyanarsu na nufin lokaci ya kusa ƙurewa.

Su ne likitoci ke lura da su a asibitoci irin su Asibitin Murtala da ke cikin birnin Kano, idan an kawo wanda ya bugu a ka a hatsarin mota, ko mai sanƙarau, cutar da ta hallaka dubban mutane a arewacin Najeriya a 1996.

Cushing ya yi tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa fiye da sau 2,000, ya kuma rage yawan masu mutuwa a aikin zuwa ƙasa da kashi 10 cikin 100.

Ya rasu ranar 7 ga watan Oktoban 1939 a birnin New Haven, yana da shekara 70.