Bob Hayes, mai gudu kamar harsashi

Yara, duk inda Hausawa suke, daga Maraɗi har Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, kowa ya san ƙwallon ƙafa. To, a Amurka akwai wani wasa dabam wanda su ma suke kira ƙwallon ƙafa, amma an fi yin sa da hannu. Ƙwallonsu tana kama da ƙaton ƙwai. Kowane ɓangare mutum 11 ne, kowa da hular kwano a kansa, domin wasan akwai ture da kayarwa. Abin da ake nema shi ne a kai ƙwallo bayan layin abokan karawa. Wanda ya kai ta can ya ci wa ƙungiyarsa maki 6.

Cikin ƴan wasan akwai mai jifa, akwai mai cafewa. Mai cafewa yakan tsaya can gefen fili. Da an soma wasa sai ya sheƙa a guje, mai jifa ya wurgo masa ƙwallo ta sama, shi kuwa ya cafe ta yana cikin gudu. Wannan aiki yana bukatar ƙafa mai sauri da hannu mai riƙo. Yau za mu karanta tarihin wani shahararren mai cafewa, sunansa Bob Hayes.

An haifi Bob Hayes ran 20 ga Disamba 1942 a birnin Jacksonville, cikin jihar Fulorida. Baƙar fata ne. A wancan zamani akwai wariyar launi a jiharsu: makarantar ƴaƴan Turawa dabam, ta ƴaƴan baƙaƙe dabam. Bob ya yi karatu a makarantar baƙaƙe mai suna Matthew Gilbert, daga nan ya wuce jami'ar Florida A&M. A nan ya riƙa yin wasan ƙwallo, yana kuma shiga tsere. A shekarar 1963 ya yi gudun yadi 100, wato kamar mita 91, cikin sakan 9.1. Kafinsa babu wanda ya taɓa yin haka. Saboda saurinsa aka yi masa laƙabi da Harsashi.

A shekarar 1964 aka yi wasannin Olimpik a Tokyo, babban birnin Japan. A wannan karo ne Nijar ta fara shiga, inda ɗan dambe Issaka Dabore ya wakilce ta. Bob Hayes kuwa Amurka ya wakilta a tseren mita 100. Ranar tseren ƙarshe, 15 ga Oktoba, abubuwa biyu suka tsaya masa. Na farko, ya mance takalminsa ƙafa ɗaya a masauki, sai aro ya yi wurin wani abokinsa. Na biyu, layin da ya faɗo masa shi ne na ciki, wanda masu gasar tafiya suka riga suka tattake. Duk da haka bai karaya ba. Ya gama tseren cikin sakan 10, ya bar ɗan Kuba da ɗan Kanada a baya, ya karɓi lambar zinariya.

Bayan kwana 6 aka yi tseren mutum huɗu masu miƙa wa juna sanda. Bob ne na ƙarshe a cikin Amurkawa. Lokacin da sanda ta zo hannunsa, akwai ƙasashe da yawa a gabansa, har da Faransa da Polan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya wuce. Amurka ta gama cikin sakan 39, Bob ya sami zinariya ta biyu.

Da ya koma gida sai ya bar tsere, ya kama wasan ƙwallo a matsayin sana'a. A shekarar 1965 ya soma yi wa ƙungiyar Dallas Cowboys wasa, da lamba 22 a rigarsa. Wasu sun yi zaton ɗan tsere ba zai iya cafe ƙwallo ba, balle ya jure ture. Bob ya ba su mamaki. A shekararsa ta farko ya ci sau 12 ta hanyar cafewa, a ta biyu sau 13. A shekarun nan biyu babu mai cafewar da ya fi shi ci a gasar da ƙungiyarsa ke ciki.

A da, an saba kowane mai tsaron baya ya bi mutum ɗaya duk inda ya nufa. Amma wa zai bi Bob ya kamo shi? Don haka ƙungiyoyi suka ƙara dogara ga wata dabara: a raba bayan fili kashi-kashi, kowa ya tsare rabonsa, in Bob ya kuɓuce wa wannan ya tarar da wancan yana jiran sa.

A watan Janairu 1972 ƙungiyar Dallas ta ci ta Miami 24 da 3 a wasan ƙarshe na ƙasa, wanda ake kira Super Bowl. Ta haka Bob ya zama mutum na farko da ya haɗa zinariyar Olimpik da wannan babban kofi. Ya yi shekara 10 a Dallas, ya ƙara guda a San Francisco, ya bar wasa a 1975. A duk sana'arsa ya cafe ƙwallo sau 371, ya ci sau 71 ta hanyar cafewa. In an haɗa nisan da cafewarsa ta kai ƙwallo gaba, ya kai yadi 7,414, wato kusan kilomita 7.

Bayan ya bar fili sai rayuwa ta juya masa. Ya faɗa shan giya da miyagun ƙwayoyi. A shekarar 1979 kotu ta ɗaure shi saboda laifin da ya shafi ƙwayoyi, ya yi wata 10 a gidan kaso. Mutumin da duniya ta tafa wa a Tokyo ya rasa aiki, sunansa ya ɓaci. Bai ɓoye kuskurensa ba. A 1990 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, ya faɗi yadda ya hau da yadda ya faɗo.

A 2001 ƙungiyar Dallas ta karrama shi a filin wasanta. Lokacin nan ciwo ya riga ya ci jikinsa. Ya rasu ran 18 ga Satumba 2002 a garinsu Jacksonville, yana da shekara 59. Sai a 2009 aka sa sunansa a gidan tunawa da gwanayen wannan wasa da ke Canton, cikin jihar Ohio. Bai ga wannan rana da idonsa ba.

Yara, takalmin aro da fili marar kyau ba su hana Bob cin tsere ba. Giya da ƙwaya su ne suka ka da shi. Wanda Allah ya ba shi baiwa, ya kula da jikinsa, ya kuma lura da irin abokan da yake bi.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin mai cafewa a ƙwallon Amurka?
2. Waɗanne matsaloli biyu Bob ya gamu da su ranar tseren mita 100?
3. Wace dabara ƙungiyoyi suka yi don su tsare shi?
4. Shekara nawa ne tsakanin rasuwarsa da sa sunansa a gidan gwanaye?
5. Ku auna mita 100 a filin makarantarku, ku yi tsere, malam ya ƙidaya muku sakan.