Houphouët-Boigny: likitan da ya mulki Kwaddibuwa shekara 33, kansar furostat ta yi ajalinsa

Duk ɗan Nijar da ya taɓa zuwa ci-rani Abijan ya san sunan Félix Houphouët-Boigny, wanda mutanen ƙasarsa ke kira Tsoho. Amma kaɗan ne suka san cewa likita ne kafin ya zama ɗan siyasa, kuma cutar da ta kashe shi ita ce wadda maza da yawa ke jin kunyar ambata har yau.

Takardun hukuma sun nuna an haife shi ranar 18 ga Oktoban 1905 a Yamusukuro, cikin gidan sarautar ƙabilar Bawule. Ya yi karatun likita a Dakar, ya gama a 1925, sannan ya yi aiki a Abijan da garuruwan karkara irin su Guiglo da Abengourou. A can ne ya ga halin da aikin tilas na Turawan mulkin mallaka ya jefa talakawa.

A 1944 ya kafa ƙungiyar manoma baƙar fata masu gonakin koko da kofi. Shekara guda bayan haka aka zaɓe shi ɗan majalisa a Paris, inda ya gabatar da dokar 11 ga Afrilun 1946 da ta haramta aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar. A wannan shekarar ya jagoranci kafa jam'iyyar RDA a Bamako, wadda PPN ta Diori Hamani ta zama reshenta. A 1959 ƙasarsa da Nijar da Haute-Volta da Dahomey suka kafa Majalisar Entente. Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, Kwaddibuwa kuma ranar 7 ga watan.

Koko da kofi sun kawo kuɗi, shi kuma ya buɗe ƙofa ga baƙi. Ƴan Nijar da Mali da Burkina suka yi ta kwarara, wasu gona, wasu kasuwa. Sai dai mulkin jam'iyya ɗaya ya yi har zuwa 1990, ya ɗaure ƴan adawa, ya kuma kashe maƙudan kuɗi wajen gina katafariyar majami'ar Yamusukuro a daidai lokacin da farashin koko ya faɗi. A 1990 ya kayar da Laurent Gbagbo a zaɓe, ya naɗa Alassane Ouattara firaminista.

A watan Yunin 1993 aka yi masa aikin furostat a Paris. Ya shafe watanni yana jinya a Turai, kafin a mayar da shi Yamusukuro a watan Nuwamba. Ya rasu ranar 7 ga Disambar 1993 yana da shekara 88. Henri Konan Bédié ya gaje shi, amma rikicin gadon bai kwanta ba: an yi juyin mulki a 1999, yaƙi ya ɓarke a 2002, baƙin da Tsoho ya karɓa suka ɗanɗana kuɗarsu.

Cikin waɗanda suka halarci jana'izarsa akwai shugaban Faransa François Mitterrand, wanda shi ma cutar ke cinsa. An gano ta tun 1981, aka ɓoye wa jama'a har 1992, ta kashe shi a Janairun 1996. Mobutu na Zayar ma ita ce ajalinsa a Rabat a 1997.

Furostat ƴar tsoka ce kamar ƙwayar goro da ke ƙasan mafitsarar namiji, ta kewaye hanyar fitsari. Kansarta ta fi kama wanda ya haura shekara 50, haɗarin kuma ya fi yawa ga baƙar fata da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta. Matsalar ita ce a farkonta sau da yawa ba ta nuna wata alama. Yawan tashi fitsari da dare, ko fitsari da ƙyar, galibi kumburin tsufa ne wanda ba kansa ba, amma likita kaɗai ke iya bambancewa. Idan ta yi nisa takan shiga ƙashi, ta kawo ciwon baya da ƙugu.

Binciken farko ba shi da wuya: gwajin jini da ake kira PSA, da dubawar likita. Idan an gano ta tana wuri ɗaya, ana iya warkar da ita ta hanyar tiyata ko gashi. Likitoci na ba baƙar fata shawarar su fara tuntuɓar asibiti tun daga shekara 45.

Tsoho yana da jirgi da likitocin Paris. Magidancin da ke Dakoro ko Illela ba shi da su, abin da yake da shi kawai shi ne zuwa da wuri. Matashin da ke aiko kuɗin cefane daga Abijan ko Tripoli zai iya ware na gwajin mahaifinsa, ya kuma sa wani ya raka shi asibiti.