Robert Noyce: Masanin Kimiyyar da Ya Iya Ciniki

Mu da muka karanta injiniyanci muna da wani hali na raina sashen talla da ciniki, kamar can ne ake tura waɗanda lissafi ya kora. Mai wannan tunanin ya ɗan leƙa rayuwar Robert Noyce.

An haife shi ran 12 ga Disamba 1927 a jihar Ayowa ta Amurka, mahaifinsa fasto ne. Ya gama digirin digirgir a fannin fiziks a MIT a 1953. A 1957 shi da abokan aikinsa bakwai suka raba gari da William Shockley, suka kafa Fairchild Semiconductor. Cinikinsu na farko da IBM ne: taranzista 100, kowace dala 150. A 1959 ya fito da dabarar haɗa taranzistoci da hanyoyin lantarkinsu a kan ƙwayar silikon guda, wato cip, kusan lokaci ɗaya da Jack Kilby na Texas Instruments.

To, an ƙera, wa zai saya? Tsadar ta yi yawa, in ban da sojoji da hukumar NASA ba mai taya shi. A nan ne, a ganina, Noyce ya yi babban aikinsa. A tsakiyar shekarun 1960 ya karya farashin wasu cip ɗin ƙasa da abin da Fairchild ke kashewa wajen ƙera su, har ya zama sayen cip ya fi wa mutum araha da ya sayi kayan ɗaiɗai ya haɗa da kansa. Sai ka ce hauka, amma lissafi ne tsagwaronsa. Ya san in oda ta yi yawa hannun ma'aikata zai faɗa, waɗanda ke lalacewa a masana'anta su ragu, kuɗin ƙera kowane ɗaya ya sauko ya tarar da farashin. Haka kuwa aka yi. Wanda bai san cikin masana'anta ba, ina zai iya yanka irin wannan farashi?

A 1968 suka kafa Intel da Gordon Moore. Can ma, a 1971, aka sassauta wa kamfanin Busicom na Japan kuɗi domin Intel ya samu damar sayar wa kowa cip ɗin 4004, wanda da farko don na'urar lissafin Busicom kaɗai aka yi shi.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi ran 3 ga Yuni 1990 a Ostin ta jihar Tekzas, yana shugabantar Sematech. Bayan shekara 10 aka ba Kilby kyautar Nobel, wadda ba a bai wa mamaci.