Mitsuteru Yokoyama: yaron Kobe da ya ƙera ƙaton ƙarfe daga tokar yaƙi

A ranar 18 ga Yuni, 1934 aka haifi Mitsuteru Yokoyama a unguwar Suma da ke Kobe, birnin tashar jiragen ruwa a ƙasar Japan. Yana ɗan ƙaramin yaro aka kwashe shi zuwa yankin Tottori don tsira daga Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya dawo, ya iske jiragen Amurka ƙirar B-29 sun yi wa garinsu ruwan wuta a 1945, unguwanni sun koma toka. Abin da idonsa ya gani a lokacin bai taɓa barin alƙalaminsa ba.

Bayan kammala sakandare ya taɓa aikin banki na ɗan lokaci, sannan ya koma sashen talla na wani kamfanin fina-finai, yana zane a lokacin hutu. Littafin Osamu Tezuka mai suna Metropolis ne ya sa masa sha'awar labarin zane da Japanawa ke kira manga. A 1956 mujallar Shonen ta fara buga labarinsa Tetsujin 28-go, wato Mutumin Ƙarfe Mai Lamba 28, aka kuma ci gaba da bugawa har 1966.

Tushen labarin ya fi ƙarfin tatsuniyar yara. Ƙaton butum-butumin makami ne da aka fara ƙerawa a asirce domin sojojin Japan, yaƙi ya ƙare bai kai fagen daga ba. Daga baya ya faɗa hannun wani yaro mai bincike, Shotaro Kaneda, wanda ke sarrafa shi daga nesa da wata ƙaramar na'ura. Ƙaton ba shi da zuciya ko ra'ayi. Wanda ya riƙe na'urar shi ne ubangidansa, ko mutumin kirki ne ko azzalumi, don haka rabin labarin kokawa ce a kan wa zai riƙe ta. Ga ƙasar da ba ta daɗe da fita daga mamayar Amurka ba, wadda kundin tsarin mulkinta ya yi watsi da yaƙi, tambayar hannun da makami zai faɗa ba ta wasa ba ce.

A 1963 labarin ya hau talabijin, ya zama uban duk katun ɗin manyan butum-butumi da suka biyo baya, irin su Mazinger Z na 1972 da Gundam na 1979. Abin lura, da aka kai shi Amurka da sunan Gigantor, sai aka mayar da zamanin labarin shekara ta 2000, aka share zancen yaƙin da ya haifi ƙaton. An bar ƙarfen, an cire tabon.

Yokoyama bai tsaya nan ba. Shi ne ya ƙirƙiri Sally 'yar mayya a 1966, da Giant Robo a 1967, da Babel II a 1971. Amma aikin da ya fi nuna haƙurinsa shi ne Sangokushi, labarin Dauloli Uku na tsohuwar Sin, wanda ya fara a 1971 bai kammala ba sai 1987, cikin littattafai 60. A nan ba ya gaggawa ko kaɗan. Mai karatu zai bi Liu Bei tun yana talaka mai saƙar tabarma har ya zama sarki, ya ga jarumai sun tsufa sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ya ga Zhuge Liang ya ƙarar da rayuwarsa a yaƙe-yaƙen arewa da ba su kai ga nasara ba, daga ƙarshe daular Shu da aka zubar da jini dominta ta faɗi. A ganina nan ne gwanintarsa ta cika, domin tsawon labarin shi ke sa mutum ya ji nauyin asarar. Aikin ya samo masa lambar yabo ta Ƙungiyar Masu Zanen Japan a 1991.

A watan Afrilun 2004 aka fara nuna sabon Tetsujin na darakta Yasuhiro Imagawa, wanda ya mayar da labarin Japan ta shekarun 1950, ya kuma bi sawun tsoffin masana kimiyyar soja da sauran waɗanda yaƙi ya bari da rauni, a hankali, cikin kashi 26. Yokoyama bai ga ƙarshensa ba. Gobara ta tashi a gidansa da ke Tokyo, ya rasu a ranar 15 ga Afrilu sakamakon ƙuna, yana da shekara 69.

A 2009 mutanen Kobe suka kafa gunkin Tetsujin mai tsayin mita 18 a unguwar Nagata, ɗaya daga cikin wuraren da girgizar ƙasar 1995 da gobarar da ta biyo bayanta suka fi yi wa ɓarna.