Werner Forssmann (1904–1979): Likitan da Ya Fara Zura Bututu Cikin Zuciyar Mai Rai

An haifi Werner Forssmann a birnin Berlin na ƙasar Jamus ranar 29 ga Agusta, 1904. Mahaifinsa ya rasu a fagen fama lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Jami'ar Berlin ya karanci likitanci, sannan a 1929 ya kama aiki a wani ƙaramin asibiti da ke garin Eberswalde.

A wancan zamani akasarin likitoci sun ɗauka cewa shigar da wani abu cikin zuciyar mai rai daidai yake da kiran ajali. Wannan tsoro ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Wanzami a Ƙaraye ko Rogo yana yin ƙaho, ya cire belu, ya yi kaciya, amma askarsa ba ta kusantar zuciya. Forssmann kuwa ya san Chauveau da Marey na Faransa sun taɓa zura bututu har zuciyar doki, dokin bai mutu ba. Burinsa shi ne a riƙa kai magani zuciya kai tsaye idan majinyaci ya shiga halin rai-ƙwaƙwai-mutu-ƙwaƙwai.

Shugabansa ya hana shi gwadawa. Sai ya shawo kan ma'aikaciyar jinya Gerda Ditzen, mai kula da kayan tiyata, wadda ta yarda bisa sharaɗin a jikinta za a yi. Ya ɗaure ta a kan gadon tiyata kamar ita zai yi wa, sai ya kashe zafin gwiwar hannunsa na hagu, ya tsaga jijiyar jini, ya tura siririn bututun da ake amfani da shi a hanyar fitsari. Da bututun a jikinsa ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto, ya ci gaba da turawa kimanin santimita 60 har bakinsa ya shiga ɗakin dama na zuciya. Hoton da aka ɗauka shi ne shaidar da ya buga a mujallar Klinische Wochenschrift a shekarar.

Sakamakon bai yi masa daɗi ba. Ferdinand Sauerbruch, babban likitan tiyata na asibitin Charité, ya sallame shi, daga baya ya koma fannin mafitsara. A nan ne tarihinsa ke da tabon da masu yabonsa kan tsallake: ya shiga jam'iyyar Nazi a 1932, ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu, har Amurkawa suka kama shi. Bayan sakinsa a 1945 ya yi saran itace kafin ya koma duba marasa lafiya a karkara.

André Cournand da Dickinson Richards na asibitin Bellevue a New York su ne suka mai da dabarar hanyar auna aikin zuciya tun daga 1941, kuma su ukun aka bai wa kyautar Nobel a 1956. Ta wannan ƙofa Andreas Grüntzig ya bi a 1977 ya buɗe toshasshiyar jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich, Alain Cribier kuma ya dasa murfin zuciya a Rouen a 2002 ba tare da tsaga ƙirji ba.

Forssmann ya rasu a Schopfheim ranar 1 ga Yuni, 1979. Ciwon zuciya ne ajalinsa.