AHMADU RABAH: ABUBUWAN DA BA A CIKA FAƊA BA GAME DA SARDAUNAN SAKKWATO

 A bana mun zaɓi mu waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa na farko kuma na ƙarshe. Mun san wani zai ce ai babu wanda bai san Sardauna ba, tunda ga hotonsa a takardar naira 200 tun shekarar 2000, ga kuma babban titin da ya ratsa tsakiyar Kaduna yana ɗauke da sunansa. To, amma sanin suna daban, sanin mutum daban. Mu da muka ƙarar da ƙuruciyarmu a gaban allo mun lura cewa 'ya'yanmu sun san Sardauna mai rawani da alkyabba, ba su san yaron ƙauye da malamin makarantar da suka zama shi ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa Gidan Arewa a Kaduna ya san cewa a kan Titin Rabah yake. Rabah ɗin nan gari ne a bakin gulbi, kimanin mil 20 gabas da birnin Sakkwato, kuma a can aka haifi marigayin a shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ashe ke nan Bello ba sunan mahaifinsa ba ne, sunan kakan mahaifinsa ne na kusa, wato mahaifin kakansa na gidan sarauta. A makaranta kuwa Ahmadu Rabah ake kiransa, kamar yadda aka saba laƙaba wa ɗalibi sunan garinsu. Yana ɗan shekara 6 mahaifinsa ya rasu, saboda haka a maraya ya tashi.

Bayan karatun allo da makarantar lardi ta Sakkwato, sai ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1926, ya fita a 1931. A wancan zamani tafiyar kwanaki ce a ƙasa tsakanin Sakkwato da Katsina. Wannan kwaleji ita ce aka mayar Kaduna a 1938, daga baya aka kai ta Zariya a 1949, wadda a yau muka sani da Kwalejin Barewa. A Katsina ne ya ƙware a wasan nan na ƙwallon bango da Turawa ke kira Fives, wanda ake bugawa da tafin hannu a fili mai bango uku, har ya zama shugaban 'yan wasan makarantar. Asalin wasan na wasu makarantun 'ya'yan manya ne a Ingila, amma sai ya yi saiwa a Arewa, har babbar gasarsa ta samu sunan Kofin Sardauna.

Aikinsa na farko koyarwa ne a Makarantar Midil ta Sakkwato, daga 1931 zuwa 1934. Daga nan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah yana ɗan shekara 24. Aikin hakimi a lokacin shi ne rangadi a kan doki, ƙidayar jama'a da shanu, tara haraji da jangali, da sasanta manoma da makiyaya. A nan ne ya koyi halin talaka da yadda ake tafiyar da mulkin En'e, abin da ya yi masa rana daga baya.

Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu yana cikin masu neman gadon, amma masu zaɓen sarki suka tsaya a kan ɗan uwansa Abubakar na 3, wanda ya yi shekara 50 a kan karaga. Sai aka ba Ahmadu sarautar Sardauna, wadda asalinta sarautar yaƙi ce ta 'ya'yan sarki, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin Sakkwato. Jarrabawa ba ta tsaya nan ba. A 1943 aka tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa hukuncin ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Mutum ya rasa sarautar da yake buri, ya kuma tsaya a gaban alƙali, amma bai yi fushi da gida ba. Ya koma ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin sarkin da aka fifita a kansa, har ya shiga majalisarsa.

A 1948 ya je Ingila ƙaro ilimi kan mulkin ƙananan hukumomi, a 1949 kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta Arewa a Kaduna. Garin da ya tarar sabo ne, domin sai a 1917 Turawa suka dawo da hedikwatarsu nan daga Zungeru, sunansa ma daga kadunan da ke cikin kogin ya samo asali. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, sannan shugaban jam'iyyar NPC kuma Firimiya a 1954. Ranar da Arewa ta samu mulkin kai, wato 15 ga Maris 1959, ta yi daidai da ranar da sojojin Turawa suka ci Sakkwato a 1903, shekara 56 cif. Haka nan kuma da jam'iyyarsa ta fi kowace yawan kujeru a zaɓen tarayya na 1959, bai tafi Legas ba. Ya zauna a Kaduna, mataimakinsa a jam'iyya Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista.

Abin da ya fi damun Sardauna shi ne ƙarancin 'yan Arewa masu ilimin zamani da za su riƙe ofisoshi idan Turawa sun tafi. Don haka gwamnatinsa ta buɗe makarantu da kwalejojin horon malamai, ta tura matasa karatu waje, ta ƙarfafa su shiga aikin soja. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, aka kuma kafa Jama'atu Nasril Islam. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966, mako 2 kacal kafin rasuwarsa. Masu kirari sun kira shi Gamji. Gamji itace ne dangin ɓaure da ceɗiya da durumi, mai faɗin ganye da yalwar inuwa, har danƙo ake samu a jikinsa.

Ba mu ce ba shi da kuskure ba, domin ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Magoya bayan NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da wulaƙanci a hannun En'e a zamaninsa, an kuma yi tarzoma a ƙasar Tibi a 1960 da 1964. Wajibi ne a faɗi wannan domin tarihi amana ne.

Daren Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka kai hari gidansa suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Abin mamaki, shi Nzeogwu haifaffen Kaduna ne, yana jin Hausa, har ana kiransa da sunan garin. A harabar gidan ne aka kafa Gidan Arewa a 1970, cibiyar adana takardun tarihi da bincike da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Farfesa Abdullahi Smith ya fara jagoranta.

'Yan uwa, ga inda zancen ya shafe mu. Yawancinmu makarantar firamare ta garinmu ce ta ɗora mu a kan hanyar da ta kawo mu birni, kuma malaman da suka koyar da mu 'ya'yan kwalejojin da aka shuka a wancan zamani ne. Yau wasu daga cikin azuzuwan nan ba rufi, ba benci, ba isassun malamai. Wani ya ƙaurace wa gida don bai samu sarauta ba, wani don an ɓata masa a taron ƙungiya. Sardauna ya ga abin da ya fi wannan ɗaci, bai juya baya ba. Muna roƙon kowa ya kai 'ya'yansa Gidan Arewa su ga tarihi da idonsu, idan hutu ya zo kuma ya kai su gida su ga makarantar da ya fito, ya tambayi hedimasta abin da ya fi buƙata a bana.

Allah ya jiƙan Sardauna da sauran magabatanmu, ya gafarta musu kurakuransu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.